Tambaya: zama a gida Boɗinga ko kama ɗaki a Sakkwato?

Jama'a, a taimaka da shawara. Ɗalibi ne mai karatun gwajin ido, gidansu na Boɗinga, ana shiga asibiti ƙarfe 8. A gida ba kuɗin haya, ga tuwon Inna. Amma kuɗin mota kullum, in an haɗa na wata 9, anya bai kai hayar ɗaki ba?

Inda abin ya cije shi ne atisayen yamma. Ɗalibai kan ɗiga wa juna maganin ido mai suna tropicamide don buɗe ƙwayar ido, gani ya dushe awa 4 zuwa 6, hasken rana ya riƙa sukar ido. Hawa babur a haka ganganci ne, balle da hazon hunturu.

Waɗanda suka gwada, ɗakin haɗaka na mutum biyu ya fi, ko kwana uku a gari kowane mako?