Layin da ke cikin na'ura: kamfanin sadarwa ne zai riƙe ikonsa ko mai sayar da na'urar?

Alhaji mai tireloli, Apapa: Assalamu alaikum, jama'a. Ra'ayina shi ne, layin waya, wato katin SIM, da ake sakawa cikin na'urar bin sawun mota, ko mitar wuta, ko na'urar POS, ikon kunna shi da dakatar da shi ya kamata ya koma hannun kamfanin da ya sayar da na'urar baki ɗaya, kamfanin sadarwa kuwa ya tsaya ga samar da sabis. Kwanan baya tirelata ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa za ta Kano, na'urar ta daina nuna inda take tun daga Jebba. Waɗanda suka ɗaura min ita suka ce layin aka rufe, masu layin kuma suka ce ba da sunana aka yi rajistarsa ba, saboda haka ba za su saurare ni ba.

Injiniya, Ikeja: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ban goyi bayan wannan ba. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ita ke ba kamfanonin sadarwa lasisi da lambobi, kuma su take tuhuma idan aka yi ɓarna da layi, musamman tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layuka da lambar NIN. Ba daidai ba ne a bar wa kamfani alhaki sannan a karɓe masa iko. Akwai kuma abin da mai mota ba ya gani: idan manhajar dubban mitoci ta samu matsala, ko wuta ta dawo unguwa guda dukkansu suka nemi hawa sabis a lokaci ɗaya suna ta maimaitawa, za su iya cunkushe hasumiyar sadarwar yankin har kiran mutane ya gagara shiga. A irin wannan hali dole mai hasumiyar ya iya katse su nan take ba tare da jiran izinin kowa ba.

Hajiya mai POS, Mile 12: Injiniya, na ji bayaninka, amma ni ina bayan Alhaji. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, da wannan na'ura masu tumatir da albasa suka riƙa karɓar kuɗinsu, kuma a Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse mun ga yadda ciniki ya tsaya. Wanda ya ba ni na'ura shi na sani, shi ke cire kamashonsa, to shi ya kamata ya iya mayar da ni wani layin idan wannan ya ƙi.

Malamin kwamfuta, Yaba: Hajiya, abin da kike nema yana yiwuwa. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta tsara ƙa'idar eSIM, wato layin da ake iya sauya masa kamfani daga nesa ba tare da an buɗe na'urar ba, kuma a 2023 ta fitar da ƙa'idar da aka yi musamman domin irin waɗannan na'urori. Sai dai ina jan hankalin Alhaji: ranar da mai sayar da na'ura ya riƙe dukkan mabuɗan, idan ya durƙushe ko ya ƙara kuɗi, ba ka da wurin zuwa, domin kamfanin sadarwa bai san da kai ba.

Injiniya, Ikeja: Shi ya sa tsarin da aka saba da shi rabawa ne. Kamfanin sadarwa yana ba mai sayar da na'ura shafin da zai ga kowane layi, ya kunna, ya dakatar, ya ƙayyade yawan data, ya kuma ware wa na'urorinsa hanyarsu ta musamman, kamfanin sadarwar kuwa yana riƙe da ikon katsewa saboda tsaro ko umarnin hukuma. Alhaji, ina kyautata zaton waɗanda suka ɗaura maka na'urar suna iya ganin dalilin rufewar a nasu shafin.

Alhaji mai tireloli, Apapa: Idan haka ne, Injiniya, rabon bai amfane ni ba, tunda ni da ke biyan kuɗin ba na cikin masu gani.

Malamin kwamfuta, Yaba: Nan kam gaskiyarka ce, Alhaji, kuma a yarjejeniya ake gyara shi. A rubuta wanda zai amsa kira idan layi ya mutu da tsawon lokacin da zai ɗauka, a rubuta cewa za a sanar da mai na'ura kafin a dakatar da layi saboda bashi, a kuma rubuta wanda ke adana bayanan inda direbanka yake, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi wannan.

Hajiya mai POS, Mile 12: Malam, mu ƙananan 'yan kasuwa ba a zama da mu a rubuta yarjejeniya, takarda ake miƙo mana mu sa hannu. Idan hukuma ba ta wajabta waɗannan sharuɗɗa a kan kamfanonin biyu ba, ban ga wanda zai saka mana su ba.