Gayyar dashen albasa ta kwana biyu: yaya za mu tsara aikin da abincin?

Ɗan Fadama ya tambaya:

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Ƙungiyarmu ta matasa a yankin Bunkure ta samu aron fili a bakin hanyar ruwan Tiga, zai ɗauki fangali kamar 100. Irin albasarmu ya yi mako 6. Muna so mu kira gayya Asabar da Lahadi, mutum 40, a yi dashe a kuma ci abinci tare a gonar. Wane aiki ya kamata ya riga wane? Abinci kuma kwano nawa zai isa a wannan sanyin?

Baba Mai Lambu:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi albarka. Abu na farko, kada a dasa albasa da safe. Iskar hunturu busasshiya ce, irin da aka dasa da hantsi kafin azahar ya kwanta, wani ba zai ƙara tashi ba. Safiya ta gyaran ƙasa ce, dashe kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba, don iri ya kwana cikin sanyi da laima.

Asabar da safe ku raba mutane uku: masu sara da fasa hoge, masu ɗaga kunya da jan hanyar ruwa, sai masu baje cikin fangali da manjagara. Waɗannan na ƙarshe su zama waɗanda suka fi natsuwa, domin a nan ake cin riba ko a yi asara. Fangalin da bai daidaita ba, ruwa zai taru a gefe guda ya ruɓar da saiwa, ɗaya gefen kuma ƙishirwa ta kashe shi. Ku yi shi mita 2 da mita 3, kada ku wuce haka. Kowane fangali a zuba masa kwando ɗaya na takin gida wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, ɗanyen kashin shanu kuma gara da ciyawa yake jawowa. Da azahar a saki ruwa ya sha, ya tsane.

Wurin renon irin ku ba shi ruwa tun ranar Juma'a da dare, don ya ciru da saiwarsa ba tare da tsinkewa ba. A cire iya wanda za a dasa a yammacin, a ajiye a inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A datse kashi ɗaya cikin uku na ganyen. Tazara santimita 10 tsakanin tsiro da tsiro, 15 tsakanin layi da layi, wato kusan 400 ke nan a fangali. Zurfi kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Masu gayya suna son dannawa da ƙarfi don su yi sauri, alhali albasar da aka binne wuya take yi, ba ta yin kai. Ku sa dattijo ɗaya ya riƙa bin layi yana dubawa. Mutum 25 a kan dashe, fangali 50 ranar Asabar, 50 ranar Lahadi, kun gama ba tare da gaggawa ba.

Malam Na-Kura:

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi a kan ruwa. In da inji za ku ja, ku gwada shi tun Juma'a. Yawancin abin da ke tsayar da gayya shi ne inji yana kuka amma ba ya kawo ruwa, kuma sau da yawa iska ce ke shiga ta mahaɗar mesar da ke zuƙo ruwa. A naɗe wurin da robar tsohon tub, a cika cikin injin da ruwa kafin a tayar. In aka bar shi yana aiki a bushe, sil ɗinsa, wato abin da ke hana ruwa yoyo, zai ƙone.

Bayan dashe a saki ruwa a hankali, a sa ɗan buhu ko ciyawa a bakin fangali don ya rage masa ƙarfi, in ba haka ba zai tumɓuke irin. Daga nan duk kwana 4 ko 5 in ƙasar jigawa ce, mako guda in laka ce. Takin kamfa, wato NPK 15-15-15, bayan irin ya kama, yuriya kuma a mako na 3 da na 6 bayan dashe. Da zarar albasar ta fara kai a daina yuriya, don tana sa wuya ya yi kauri, albasar kuma ba ta ajiyuwa. Mako 2 kafin cira a yanke ruwa gaba ɗaya.

Na san wasu za su ce ku haɗa da tumatir tunda ga hannaye. Ni ban goyi baya ba. Wanda aka dasa yanzu zai nuna daidai lokacin da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika maƙil da kaya, in kuma ya kai zafin Maris ya haɗu da tsutsar Sharon, wadda ta cinye gonakin Kadawa a 2016. In kuna son wani abu a gefe, ku jera latas a bakin hanyar ruwa, wata guda bayan dashe kun fara cira.

Yara kuma kada su shiga hanyar ruwan da sunan wanka. Tsargiya a nan ake kwasarta.

Inna Uwar Tuwo:

Sannunku Malamai. Ɗana, zancen abinci a hunturu lokaci ne kafin yawa. Mutum ba ya iya riƙe fartanya da cikin da babu ɗumi, don haka da ƙarfe 8 koko da ƙosai su iso gona. Gero kwano ɗaya da rabi, wake kwano ɗaya, a jiƙa geron ya kwana. Kokon a zuba shi a kula ko jarka mai murfi, in aka kawo a buɗaɗɗen bokiti kafin a raba ya sandare.

Babban abinci bayan sallar azahar, daidai lokacin da fangali ke tsanewa, ba mai aikin yi. Ranar Asabar garau-garau ya fi sauƙi: shinkafa kwano 3, wake kwano ɗaya da rabi, man gyaɗa lita 2 a soya da albasa, yaji da ƙuli-ƙuli a daka tun a gida. Wake ake fara ɗorawa, sai ya kusa nuna a zuba shinkafa. In aka haɗa su tare shinkafar za ta caɓe waken yana da ƙarfi. Kanwa 'yar kaɗan, ta yi yawa ta baƙanta abinci ta ɓata wa mutane ciki. A raba tukunya biyu maimakon ɗaya ƙatuwa, don babba ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba.

Lahadi tunda ranar sallama ce, a yi tuwon masara da miyar taushe, ga kabewa da alayyafo da yakuwa duk a lambun maƙwabta. Gari kwano 4 ya isa. A kwashe malmala a rufe cikin kwarya ko kula nan take, iska na bugun tuwo ya yi ɓawo.

Murhu kuwa a kafa shi nesa da karan dawa da tarin harawa, a kare shi da zana ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa. Ba don itace kaɗai ba, tartsatsi ɗaya a wannan lokacin gobara ce. In an gama a kashe da ruwa, kada a ce toka ta rufe.

Wajen rabo, mutum biyar a faranti. A fara fitar da na dattawa, da na mai filin da ya ba ku aro a kai masa gida, da na masu girki. Kada a ce su ci abin da ya rage, gayya ba ta ragewa. Ruwan sha da na wanke hannu a ɗebo daga burtsatsen gari. In za a yi kwaɗon latas, a tambayi mai lambun yaushe ya yi feshi, a wanke da ruwa mai tsabta da gishiri sau biyu.

Ɗan Fadama:

Mun gode Baba, mun gode Malam, Inna Allah ya saka da alheri. Tumatir mun ajiye shi. Saura tambaya ɗaya Baba: wasu daga cikin irin sun fi fensir kauri, mu dasa su ko mu ware?

Baba Mai Lambu:

Ku ware su. Irin da ya girma da yawa in sanyi ya buge shi fure yake fitarwa, kan ya zama mai kara a tsakiya, ba ya kasuwa. Ku dasa su a fangali biyun ƙarshe ku cire su ɗanyu a matsayin lawashi.