Wa ya taɓa ganin harbin babbar bindiga da idonsa?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan bindigar nan ta Amurka mai harsashi milimita 12.7, wadda suke kira fifti. Wani ya rantse wai ko harsashin bai taɓa ka ba, muddin ya gifta kusa da kai, iskarsa kaɗai za ta cire maka hannu. Wani kuma ya ce harsashi guda na ɗaga ƙato sama ya maka shi da bango. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Don Allah wanda ya gani da idonsa, ba a fim ba, ya warware mana.

Baƙon Texas: Wa alaikumus salam. Na harba ta sau uku lokacin da nake karatu a Houston, a wani filin gwajin harbi da ke bayan gari inda ake ba da hayarta. Barrett M82 ce, wadda Ronnie Barrett ya ƙera a Tennessee a 1982, amma harsashin ya girme ta nesa: aikin John Browning ne, tun 1921 sojojin Amurka ke amfani da shi. Nauyinta ya kusa kilo 14, shi ya sa a kan ƙafafunta ake girke ta. Kan harsashin ya haura gram 40, yana barin bakin bindiga da gudun fiye da mita 850 a daƙiƙa.

Maganar iska kuwa, takarda muka harba daga mita 100. Hujin da harsashin ya yi bai fi faɗin yatsa ba, takardar ko yagewa ba ta yi ba. Mai kula da filin ya ɗora kofin takarda marar komai kusa da allon, harsashi ya wuce da tazarar taƙi guda, kofin yana nan daram. Abin da bai kayar da kofi ba ta yaya zai cire hannun mutum? Abin da ya girgiza ni shi ne ƙarar. Akwai ƙarfe mai ramuka a bakinta da ke karkatar da hayaƙi gefe don rage naushin kafaɗa, saboda haka wanda ke tsaye a gefe ya fi mai harbin shan wuya. Ƙura ta tashi, na ji bugun har cikin ƙirjina, alhali na toshe kunne ninki biyu.

Malamin Fiziks: Ƙanena Ɗan Kurmi, wannan lissafin nake ba ɗalibaina duk shekara. Turin da harsashi zai yi wa wanda ya samu ba zai wuce turin da bindigar ta yi wa kafaɗar mai harbi ba. Harsashin AK-47 gram 8 ne, gudunsa kimanin mita 715 a daƙiƙa. Ko ya tsaya cak a jikin mai kilo 70, turin da zai yi masa kimanin santimita 8 ne kawai a daƙiƙa. Na fifti ma rabin mita ne da ɗoriya, bai kai tafiyar mutum a ƙasa ba. Ɓarnarsa a cikin jiki take.

Tsohon Soja: Malam ya yi gaskiya. Na yi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya, na ga abin da ba na fatan ɗayanku ya gani. Ban taɓa ganin wanda harsashi ya ɗaga sama ba. Mutum yakan sulale ne a inda yake tsaye, wani ma sai ya yi gudu mai nisa kafin ya san an same shi.

Yarana, ƙaryar da ta fi damuna ita ce ta laɓewa bayan ƙofar mota. Ƙofar mota gwangwani ce. Na ga harsashin ƙaramar bindiga ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Bulo mai rami shi ma haka, babbar mashinga kuwa sai ta maishe shi tsakuwa. Buhunan yashi su ne suka tsare mu, da ikon Allah, shi ya sa kuke ganinsu jibge a kowane shingen sojoji. Kuma mun sha harbin tankin man motocin da aka yasar, mai ya tsiyaye ƙasa kawai, babu wata wuta da ta tashi.

Abin da ba wanda ya gargaɗe mu a kai shi ne kunne. Muna samari, toshe kunne a wurinmu ragwantaka ne. Yau fiye da shekara talatin kunnena na hagu yana ƙugi dare da rana kamar gyare, jikokina sai sun zagayo ta dama kafin in ji su.

Baƙon Texas: Allah ya ba da lafiya Baba. Ƙarar bindiga irin wannan tana haura desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma daga 140 harbi ɗaya ya isa ya lalata ji. Ko bututun rage ƙara ba ya rage fiye da kusan 30.

Jikan Sarkin Baka: Ni ta gida zan kawo. Ina yaro aka zo wa kakana da maganin bindiga, aka ɗaura wa rago laya, aka harba bindigar toka ta ƙi tashi, aka sake ta yi fus. Jama'a suka ɗauki kabbara. Kaka bai ce uffan ba, ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa albarushin da bai sha raɓar damina ba, ya ɗura, ya ja kunama. A daren muka ci ragon. Bayan shekaru wani ɗan'uwanmu ya yarda a gwada a jikinsa. Ya rayu, amma har yau da sanda yake tafiya. Ina roƙonku, duk wanda ya ce ku tsaya a gwada, ku bar masa wurin.

Nas Mai Aikin Dare: Sannunku da ƙoƙari. Baba Soja, Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ana maganar ƙarya, ga wadda ke kawo mana marasa lafiya: wai harbin sama ba ya cutarwa. Wani dare ana biki a wata unguwa, aka kawo mana yarinya 'yar shekara tara. Tana kwance a tsakar gida kusa da uwarta, a wata unguwar daban, ta farka da kuka jini na zuba a kafaɗarta. Sun zaci kunama ce ko ƙusa. Hoto ne ya nuna mana harsashi.

Na bi diddigin abin daga baya. Wani jami'in sojan Amurka, Julian Hatcher, ya auna harsashin da aka harba sama sak, ya samu yana dawowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya huda ƙoƙon kai. In an harba a karkace, yadda masu murna ke yi, ya fi haka gudu. A Puerto Rico, daren shiga shekarar 2004, hukumar lafiyar Amurka ta ƙirga mutum 19 da irin wannan harsashi ya raunata, ɗaya ya rasu. Kada a haɗa da 'yan bindigar hawan sallah, su albarushi zalla suke ɗurawa.

Ɗan Kurmi: Innalillahi. Anti, yarinyar ta tashi kuwa?

Nas Mai Aikin Dare: Ta tashi, alhamdulillahi. Likita ya ce da ya matsa yatsa uku zuwa wuya da wani labarin ake yi. Uwar ta roƙi a ba ta harsashin, 'yan sanda suka tafi da shi. Har aka sallame su ba a gano wanda ya harba ba.