Za a haɗe kamfaninmu da wani, waɗanda suka taɓa gani ku ba mu labari

Ɗan Mando:
Assalamu alaikum jama'a. Ni injiniyan gyaran jirgin sama ne, a kwalejin jiragen sama ta Zariya na yi karatu, shekarata bakwai da lasisi. Mu tara ne a tashar kamfaninmu da ke filin jirgin Kaduna, huɗu masu lasisi, biyar makanikai. Mako uku da suka wuce aka tara mu ta waya daga Legas, aka ce za a haɗe mu da wani kamfani, kuma "babu wanda zai rasa aikinsa". Tun ranar ba a sake ce mana uffan ba. Ba mu da reshen ƙungiyar ma'aikata. Wasu na cewa mu buɗe yanzu, wasu na cewa tsokano tsuliyar dodo ne. Wanda abin ya taɓa faɗa masa nake son ji daga bakinsa. Don Allah kada a kama sunan kamfani.

Tsohon Hanga:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mu ma da wannan kalmar aka buɗe mana taro.

Lokacin da gwamnati ta ce kowane kamfanin jirgi ya ƙara jari kafin ƙarshen Afrilun 2007, mai zirga-zirgar cikin gida naira miliyan 500, mai tsallaka teku biliyan 2, masu namu suka kasa, sai suka miƙa mu ga wani. Kuma ba su yi ƙarya ba, watan farko ba a kori kowa ba. Takarda kawai aka kawo mana, shafi biyu, aka ce ta canza sunan kamfani ce, a sa hannu kafin Juma'a don kada albashi ya makara. Albashin ma an ɗan ƙara. Muka sa hannu muna godiya. Babu wanda ya kula da layi na uku, inda aka rubuta ranar fara aiki. Ranar da ka sa hannu, ita ce ranar.

Shekara 16 na yi ina kwana ƙarƙashin fiffiken Boeing 737, dare ɗaya na koma ɗan wata guda. Bayan wata takwas aka zo rage ma'aikata, aka ce za a bi ƙa'ida, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita. A takarda mu ne muka zo ƙarshe. Yaran da na koya wa murɗa wayar tsaro a kan kusoshin inji, waɗanda suka yi gaba suka shiga wancan kamfanin, su suka zama yayyena. Kuɗin sallama kuwa na wata takwas aka lissafa mini.

Sai a lokacin muka fara neman lambar wayar ƙungiya. Mutumin da ya amsa bai yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: kun sa hannu? Muka ce e. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

Ɗan Mando:
Innalillahi. Baba, mu ba a kawo takardar ba tukuna.

Tsohon Hanga:
To ka gode wa Allah. Tana hanya.

Mai Tambari:
Bari in ƙara a kan maganar Baba, don akwai abin da matasa ke mantawa. Lasisinka na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, naka ne, da shi za ka tafi ko'ina. Amma izinin sa hannu a sallami jirgi ya tashi, wato tambarin nan mai lambarka, na kamfani ne, sashen kula da inganci ke bayarwa. Ranar da aka haɗe mu, tsofaffin tambura suka mutu, aka ce kowa ya sake zama gaban sabon shugaban inganci. Ba a kore ni ba. An dai riƙe tambarina wata biyar ana cewa ana duba fayil, alawus ɗin sa hannu ya tsaya, ina zuwa aiki ina miƙa wa wani sifana. Waɗanda suka yi shiru a taro sun karɓi nasu cikin mako biyu.

Abin da ya fitar da mu, jiragen da suka gada daga wurinmu wani samfuri ne da mutanensu ba su da shaidar ƙwarewa a kansa. Mu shida ne kawai za mu iya sa hannu. Da muka je tare muka ce ko a ba kowa ko kada a ba kowa, kwana uku aka yi. Ba yajin aiki muka yi ba, ko murya ba mu ɗaga ba. Jirgin da babu mai sa masa hannu ba ya tashi, kuma su ma sun san lissafin.

Na Gaji:
Ni dai zan faɗi nawa ko ba zai yi daɗi ba. Ni na zagaya da takarda ina karɓar sunaye a wurinmu. Mutum 31 suka rubuta. Kafin mako ya zagayo jerin yana kan teburin manaja, har da lambobin waya, kuma daga cikinmu aka kai. Wanda muka zaɓa shugaba aka tura shi kwas na wata biyu a waje, ya dawo ya ce mu yi haƙuri, mu ba sabbin masu gida dama. Ni kuwa aka ce an yi mini canjin wurin aiki zuwa tashar da jirgi ke sauka sau biyu a mako, iyalina suna Unguwar Dosa. Wata bakwai na jure na ajiye. Yanzu janareto nake gyarawa, alhamdulillahi ina ci.

Ɗan'uwa, ban ce kada ka yi ba. Amma ka duba, ku tara ne. Ranar da aka kira ka ofis, mutum nawa za su tashi su bi ka? Ka ƙirga su da yatsa, kada ka ƙirga masu cewa "muna bayanka".

Sakataren Da:
Malam Na Gaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka na gani da idona sau biyu, kuma kuskuren iri ɗaya ne: an tara sunaye kafin uwar ƙungiya ta san da zancen. Na riƙe sakataren reshe shekara biyar, a cikinsu aka sayi kamfaninmu.

Ɗan Mando, ku daina cewa za ku "kafa" ƙungiya. Doka na neman aƙalla mutum 50 kafin a yi wa ƙungiyar ma'aikata rajista, kuma ba a yi wa sabuwa rajista inda akwai wadda ta riga ta rufe sana'ar. Reshe za ku buɗe. Masu lasisi wurinsu NAAPE, ta matuƙa da injiniyoyi. Ƙananan ma'aikata NUATE, manya ATSSSAN. Mu fom ɗin kowa kai tsaye ya tafi hedikwata, kamfani bai ji komai ba sai ranar da wasiƙa ta iso daga can tana cewa ga mambobinmu, a fara cire musu kuɗin ƙungiya. Daga ranar duk wanda aka taɓa, an san dalili, kuma kotun ma'aikata tana nan. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin shiga.

Sannan ku nemi sanin irin haɗewar. Idan hannun jari aka saya, kamfaninku na nan da ransa, kwantiraginku na tafiya yadda yake, babu dalilin sabuwar takarda. Idan kuwa wani kamfani za a mayar da ku, sashe na 10 na dokar ƙwadago ya ce sai da yardar ma'aikaci, jami'in ƙwadago kuma ya sa hannu. Sashe na 20 shi ne na rage ma'aikata, wanda Baba ya ɗanɗana: a sanar da ƙungiya, a bi wanda ya zo ƙarshe ya fara fita, tare da duba ƙwarewa. Sai dai akwai tarko. Lauyan kamfaninmu ya buɗe ma'anar "ma'aikaci" a dokar ya nuna mana ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da ƙwararru, ya ce injiniya mai lasisi ba ya ciki. Wato makaniken da ke ƙarƙashinka dokar ta fi rufa masa asiri a kanka. Shi ya sa muka nace sai an rubuta komai cikin yarjejeniya tsakanin ƙungiya da kamfani. Abu uku muka samu: ranar fara aiki ta asali, jerin daɗewa guda ɗaya da aka liƙa a hanga, wato rumfar gyaran jirage, kowa ya gani, da cewa ba a canza wa wakili tasha sai da yardarsa. Ƙarin albashi ba mu samu ba, har yau wasu ba su yafe mini ba.

Maman Rikod:
Salamu alaikum. Ni ba na riƙe sifana, a ɗakin ajiyar bayanan jirage na yi shekara 11, amma tare aka kwashe mu. Ƙanena, gobe ka je ka ɗauki hoton duk abin da ke fayil ɗinka: takardar ɗaukar aiki, shaidar kowane kwas, littafin aikinka. Namu kwalaye biyu aka ce sun ɓace a hanyar Legas, wasu sai da suka maimaita kwas. Kuma ka nemi bayanin asusun fanshonka. Dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, kai kashi 8. Mu ana cirewa a takardar albashi, ashe wata 14 ba a tura ba. Sabbin masu gida suka ce bashin tsofaffi ne, tsofaffin kuma sun rufe ofis.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba kuɗin ba ne. Shekara biyu bayan haɗewa, a kantin abinci teburinmu daban nasu daban. Su suna ce mana 'yan kaya, wai tare da jirage aka sayo mu. Mu muna ce musu 'yan gida. Manaja ya shigo ya gaisa da kowane tebur yana murmushi.

Baƙon Amurka:
Hajiya, ko a nan haka yake. Ni ɗan Tudun Wada ne, shekarata 12 ina gyaran jirage a Amurka, an taɓa haɗe kamfaninmu. A nan komai da lambar daɗewa ake yi: wa zai yi aikin dare, wa zai huta ranar Asabar, wa zai zaɓi gari. Da aka gwamutsa jerin biyu na sauka da lamba ɗari da wani abu, na koma dare shekara uku, azumi uku ina sahur a gindin tayar jirgi. Duk da haka ban yi ƙorafi ba, don an bi ranar da kowa ya fara aiki.

Wannan adalcin ma da wuya aka same shi. Da American Airlines ta sayi TWA a 2001, an jera ɗimbin ma'aikatan TWA a ƙasan jeri, musamman masu hidimar cikin jirgi, da harin 11 ga Satumba ya karya kasuwa su aka fara sallama. Daga nan aka yi dokar McCaskill-Bond a 2007, wadda ta wajabta a haɗa jerin daɗewa bisa adalci, in an kasa a je gaban mai sasanci. Ko da dokar, American da US Airways sun haɗe a 2013, amma makanikansu, da ke ƙungiyoyi biyu, TWU da IAM, sai 2020 suka samu yarjejeniya guda.

Kuma Malam Mai Tambari, a yi hattara da dogaro da sa hannu. A Agustan 2005 makanikai da masu share-share na kamfanin jiragen Northwest, su kusan 4,400, suka tafi yajin aiki, suna ganin jirgi ba zai tashi ba sai da su. Kamfanin ya riga ya tanadi masu maye gurbinsu, sauran ƙungiyoyin kuma suka ci gaba da aiki. Fiye da shekara aka yi, yawancinsu ba su koma ba.

Mai Tambari:
Gaskiya ne. Mu ma da an ba su wata shida su tura mutanensu kwas, da labarin ya sha bamban.

Ɗan Kakuri:
Ni ba na harkar jirgi, a masaƙa na yi aiki har aka kulle ƙofa. Muna da ƙungiya mai ƙarfi, hedikwatarta ma a nan Kaduna take, Adams Oshiomhole daga cikinta ya fito. Ba ta hana a rufe ba. Amma da ba don ita ba, ko takardar da ke nuna ana bin mu bashi ba za mu samu ba. Tawa tana cikin akwati.

Ɗan Mando:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga inda aka kwana. Jiya jirgin kamfanin da za a haɗe mu da shi ya kwana a Kaduna saboda hazo, injiniyansu ya zo aron na'urar auna iskar taya. Maganar Hajiya ta faɗo mini, na ja shi muka sha shayi. Ashe su an ce musu mu za a bari a bakin aiki saboda albashinmu bai kai nasu ba, mu kuma ana raɗe-raɗin su za a bari saboda jiragensu sun fi sabunta. Su ma ba su da reshe. Ya karɓi lambata, ya ce su 14 ne a hangarsu da za su saurara. Fayil ɗina na ɗauki hotonsa da safe. Na buga wa ofishin fansho, wata uku babu a ciki.

Malam Na Gaji, na ƙirga da yatsa kamar yadda ka ce. Huɗu ne, har da ni.

Yallabai Sakatare, makanikanmu biyar da ba su da lasisi fa? In muka tafi NAAPE su suka tafi NUATE, ba mun sake raba tebur ba?

Sakataren Da:
Fom daban, zama ɗaya. Mu wasiƙun biyu rana ɗaya suka isa ofishin manaja, kuma duk taron da aka kira tare muke shiga. Ka kawo huɗun naka ranar Asabar bayan la'asar, zan turo maka wurin a keɓe. Kada a rubuta sunan kowa. In takardar ta riga mu isowa, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ce za ka kai gida ka karanta.

Na Gaji:
Huɗu sun fi 31 ɗina. Ka tambayi mutumin shayin ko shi ma ya ƙirga nasa 14 ɗin.