In an goge suna, sai a ba kamfani katin majiyyaci?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Wani kamfani ya kawo na'urar auna hawan jini, irin mai tura sakamako ta waya, asibitin kuɗin da nake gyara wa kayan aiki. Za a ba majiyyata su gwada kyauta. Sharaɗinsu shi ne asibiti ya ba su bayanan da ke katin masu hawan jini: shekaru, unguwa, magungunan da mutum ke sha, da sauran cututtukan da yake fama da su. Sun ce a goge sunaye. Ni dai a ganina, in an goge suna, babu buƙatar a bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana neman izini. Wa aka cuta?

Sista Rabi: Wa'alaikumus salam. Injiniya, ni ce ke zama da mutanen nan suna faɗa mini abin da ko mijinsu bai sani ba. Matar da ta zo auna jini ta ce mini tana shan maganin HIV, ta faɗa ne don kada a haɗa mata maganin da zai cutar da ita. Ba ta san da wani kamfani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Dakta Aminu: Sista, babu mai musun amana. Amma mu dubi ɗaya ɓarin. Kun san oksimita, 'yar na'urar da muke maƙala wa mutum a yatsa don ganin yawan iskar da ke jininsa. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa tana ruɗin likita a kan baƙar fata. Cikin lokutan da ta nuna komai lafiya, a kashi 11.7 cikin ɗari iskar jinin baƙaƙen fata ta yi ƙasa sosai, a fararen fata kuwa kashi 3.6. Haske take harbawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana shafar hasken. Ƙa'idar da FDA, hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka, ta fitar a 2013 ta wadatu da a gwada na'urar a kan mutum goma, biyu daga ciki masu duhun fata. Da wannan na'urar muka yi aikin korona a nan. In muka rufe bayananmu, haka za a ci gaba da ƙera kaya a kan jikin wasu, a kawo mana mu saya.

Injiniya Bashir: Yauwa Dakta, abin da nake nufi ke nan.

Barista Hauwa: A'a Injiniya, maganarku ba ɗaya ba ce. Dakta ya ce a gwada na'ura a kanmu. Kai ka ce a kwashi kati ba da sanin mai shi ba. Kuma goge suna ba ya ɓoye mutum yadda kake zato. A shekarun 1990 a jihar Massachusetts ta Amurka an saki bayanan asibiti na ma'aikatan gwamnati bayan an cire sunaye. Wata ɗaliba, Latanya Sweeney, ta sayi rajistar masu zaɓe a kan dala 20, ta haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa, ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar da kansa, William Weld. Daga baya ta lissafa cewa waɗannan abubuwa uku sun isa a gane kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa. To ina ga unguwanninmu da kowa ya san kowa? Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, mai sikila da hawan jini, a unguwa kaza. Maƙwabta ma za su faɗa maka sunanta.

Dakta Aminu: Barista, amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta bar ƙofa. Ta ce in binciken bai ɗauki abin da zai nuna ko wane ne majiyyacin ba, ba sai an nemi izini ba.

Barista Hauwa: Haka ne, ranka ya daɗe, kuma a nan gardamar take. Jerin da Injiniya ya kawo yana nuna mutum. Sannan na'urar ta waya take aiki, lambar waya kuwa a Najeriya ɗaure take da NIN. Ranar da majiyyaci ya fara amfani da ita, kamfani na iya haɗa sabon sakamako da tsohon katin da aka ba su, sunan da aka goge ya dawo. Sashe na 26 na Dokar Lafiyar ya ce bayanan lafiyar mutum sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa su cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, ta ba mutum ikon janye yardarsa, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje. Injiniya, a wace ƙasa kamfanin zai ajiye su?

Injiniya Bashir: Ba su faɗa ba. Zan tambaya. Amma manyan asibitocin Turai ai suna irin wannan haɗin gwiwa kullum.

Barista Hauwa: Suna yi, ana kuma kama su in sun kauce. A 2015 asibitin Royal Free na Landan ya ba kamfanin DeepMind na Google bayanan mutum kusan miliyan 1.6 don gwada manhajar Streams, mai faɗakar da likita in ƙodar majiyyaci ta fara lalacewa. Niyyar mai kyau ce. Amma har da bayanan waɗanda ba su taɓa ciwon ƙoda ba aka kwasa, kuma ba a sanar da su yadda ya kamata ba. A Yulin 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yanke cewa asibitin ya saɓa doka. Asibitin aka tuhuma, domin shi aka ba amana.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, mai hawan jini ne, ɗaya daga cikin waɗanda kuke magana a kansu. Ina Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Dakta, kana son a riƙa gwada kaya a kanmu, ni ma ina so. Amma duk ranar da mutane suka ji an ba da katinsu a ɓoye, sai ka nemi masu yarda da gwaji ka rasa, har masu zuwa asibitin ma su ragu.

Dakta Aminu: Na ji, Baba. Damuwata ita ce, in aka ce sai an nemo kowane mai tsohon kati, rabinsu sun sauya lamba, wasu sun rasu. Aikin zai tsaya, kamfani ya tafi wata ƙasa.

Sista Rabi: To a bar tsofaffin katuna, Dakta. Masu hawan jini ai suna dawowa karɓar magani. Duk wanda ya zo a karanta masa da Hausa: ga abin da za a ɗauka, ga wanda zai gani, ga lokacin da za a goge. Kada a miƙa wa tsohuwa takarda da Turanci a ce ta dangwala yatsa. A kuma faɗa mata cewa ko ta ƙi, za a duba ta kamar kullum, domin da yawa tsoron ɓata wa likita rai ne ke sa su cewa to.

Alhaji Garba: In aka tambaye ni haka, zan ba da awon jinina da shekaruna. Unguwata da sauran cututtukana kuwa, ban ga abin da na'urar auna jini za ta yi da su ba.

Dakta Aminu: Ciwon suga da na ƙoda suna da alaƙa da hawan jini, Baba, waɗannan zan so ka bayar. Unguwa kam ba a buƙatarta.

Barista Hauwa: Injiniya, kafin a sa hannu a komai, ka nemi su nuna rajistar na'urar a NAFDAC da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ka kuma turo mini yarjejeniyar in ga ko ta ba su damar sayar wa wani da bayanan.

Injiniya Bashir: Har yanzu ina ganin in da za a goge komai da kyau, alƙaluma zalla ba su buƙatar izini. Amma wannan jerin nasu ya wuce alƙaluma. Zan gaya wa mai asibitin ya dakata, Barista, in karɓo miki takardun.