Musayar Waƙa: Wa Ya Riƙe Somaliya Ba Ta Mutu Ba?

Ɗan Kasuwa:
Da sunan Allah na buɗe, ku matso kusa 'yan'uwa,
Somaliya ce zancen, da yadda take farfaɗowa.
A 1991 Shugaba Siyad Barre ya bar fada ba waiwayowa,
Babban banki ya zam kango, hukuma ta yi rushewa.
Amma Bakara ta Mogadishu ba ta tashi ba, uwa ce cikin kasuwa,
Amana ta maye gurbin kotu, ciniki na ta ƙulluwa.
Ɗan da ke Landan ya turo dala, kamfanin Dahabshiil na miƙawa,
Ni dai na ce ɗan kasuwa ya hana ƙasar nan mutuwa.

Malama:
Alhaji, waƙa ta yi daɗi, amma da abin dubawa:
Ina amanar take a 2011, da fari ya zo da yunwa?
Rai kusan 260,000, rabi yara, sun tafi ba dawowa.
Mai ɗa a waje ya ɗora tukunya, marar shi sai tsugunawa,
Kasuwa ba ta ba da magani sai ga mai abin bayarwa.

Makiyayi:
Malama ta taɓa min ciwo, ku bar ni in yi ƙarawa.
Tumaki, awaki, raƙuma, a Bosaso da Berbera ake lodawa,
Jirgi ya nufi Jidda, alhazai na jiran yankawa.
A 2000 Saudiyya ta rufe ƙofa, cutar dabba take gujewa,
Ba hukumar da za ta buga hatimi ta ce garken ba damuwa.
Sai 2009 aka buɗe. Shekara tara makiyayi na ramewa!

Akawu:
A 2012 gwamnatin tarayya ta samu kafuwa,
Disambar 2023 bashin dala biliyan 4.5 ya sha yafewa.
Sulallan ƙasar ne dai har yau ba su kai ga gyaruwa:
Takardar dubu ta tsufa, jabu ya fi na gaske yaɗuwa,
Dala ce ke yawo a waya, EVC Plus ke kai wa kowa.

Ɗan Kasuwa:
Malama, na karɓi gyara, na yarda ba musantawa.
To amma ku dubi mai shago a Mogadishu, abin tausayawa:
Gwamnati ta karɓi haraji, Al-Shabab ma na karɓewa,
Wanda ya ƙi biyan na biyun, ransa yake sayarwa.
Akawu, wane littafi ne ke da layin wannan rubutawa?