Ina kuke ɗora nauyin murya a harɗaɗɗun kalmomin Turanci?

Malamar Turanci, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina shirya ɗalibai don jarrabawar furuci ta WAEC, kuma kullum a harɗaɗɗun kalmomi, wato kalmomi biyu da aka haɗa suka zama ɗaya, suke tuntuɓe. Yaro ya san blackboard allo ne, amma in ya buɗe baki sai ya ce black BOARD, wato baƙin katako kawai. Bature kuwa gaɓar farko yake dannawa: BLACKboard. Abin yana damuna, don maki ne ke zubewa a banza. Yanzu tebur nake bugawa da tafin hannu daidai gaɓar mai nauyi, su amsa. Ku yaya kuka yi da ita?

Ɗalibi a Mancesta: Wa alaikumus salam Malama. Na taɓa gaya wa mai gidan da nake haya cewa mahaifina English TEACHer ne. Dattijon ya yi shiru, sannan ya tambaye ni a wane garin Ingila aka haife shi. Ashe mai koyar da Turanci ENGlish teacher ne. In ka kai nauyin baya, ka mayar da shi malami ɗan Ingila. Sunayen tituna ma haka: a Landan OXford Street suke cewa, a nan kuwa Oxford ROAD.

Daga Maraɗi: Mu da muka yi boko da Faransanci tamu ta fi wuya, don harshen ya saba mana da jingina murya a ƙarshe. Na kai shekara kafin FOOTball ta zauna a bakina.

Tsohon malami, Katsina: Malama, sannu da ƙoƙari. Ni da Hausa nake fara musu. Sai in ce su faɗi kukan jariri, su faɗi miyar kuka. Nan take suke jin muryar ta sauka a ta biyun, ma'ana ta sauya. Kunnen da ya rarrabe wannan ba zai kasa raba GREENhouse, ɗakin renon shuka, da green HOUSE, koren gida, ba. Inda na fi shan fama shi ne ƙirga gaɓoɓi. Bakinmu ba ya son baƙaƙe a cunkushe, sai ya cusa wasali tsakaninsu. Shi ya sa screwdriver mai gaɓa 3 ta zama sukurudireba mai gaɓa 6. Sai na sa yara su raba ta gida biyu tukuna, screw da driver, su ƙirga da yatsu, sannan mu nemi inda nauyin yake.

Malamar Turanci, Zariya: Na gode Baba. Ranar Litinin da miyar kuka zan buɗe darasi, in sha Allahu.